Tauraro Ɗaya Saboda Dada

Shagon nan na cikin waya, inda ake shiga a sauke manhaja, in aka ce in yabe shi sai na fara zaginsa tukuna. Ya gasa min gyaɗa a hannu, kuma ya yi min ranar da ba zan manta ba. Ku bar ni in faɗi yadda aka yi.

Sunana Raudatu, ɗinki nake yi a Dubeli, cikin Jimeta. A shekarar da 'yan ta'adda suka shiga Mubi, mutane suka yi ta kwararowa garin nan, wasu a tifa, wasu a bayan akori-kura, wasu da ƙafa. Maigidana Lawal kafinta ne. Ya je tasha neman ƙaninsa, daga baya muka ji ashe shi ya tsaya a Gombi lafiya lau. Sai ga mutumin nan ya dawo min da wata tsohuwa.

Na ce, "Baban Mu'tasim, wace ce wannan?"

Ya ce, "Oho. Kowa ya sauka ya kama gabansa, ita tana zaune a gindin taya. Na kasa barinta."

Na ce, "Ka kyauta. Ɗaki biyu gare mu, sai ka rataye ta a ƙusa."

Ina rufe baki idona ya sauka a kan ƙafafunta. Sun kumbura, sun tsage, jini ya bushe a tsakanin yatsu. Kunya ta kama ni, na je na ɗora ruwan zafi.

Ba ta jin Hausa, ba ta jin Fulatanci. Na kira mata Margi, na kira Kilba, na kira masu yaren Michika. Kowace ta zauna ta yi nata, ta tashi tana cewa kalma ɗaya ko biyu kawai ta tsinta. Muka sa mata suna Dada, kamar yadda ake kiran uwa a nan. Lawal ya zaga sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi da na Damare, muka ba da cigiya a rediyo, shiru. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tambayar da ya yi wata rana muna cin abinci: "In tsohuwar nan ta cika a hannunmu, wa za mu faɗa wa?" Mutum da furfurarsa, ya haifa ya raina, a ce ba shi da kowa. Wallahi abin ya dame ni.

Maƙwabciyata Fibi, malamar firamare, mutuniyar Numan ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta Ephraim malamin dabbobi ne, ya taɓa yin allurar shanu a ƙauyukan kan dutse, can bakin iyakar Kamaru. Shi ya saurari Dada tana magana ita kaɗai, ya ce ya san yaren, amma gaisuwa kawai ya iya. Ya ce ƙauyukan nan duk sun watse. Ya faɗi sunan yaren, wanda har yau harshena bai iya juya shi ba. Fibi ta ce, "Maman Mu'tasim, a duba cikin waya mana. Yanzu babu abin da ba a sawa a ciki."

Wayar tawa a wurin wani Ɗanburam na saya, a bakin kasuwar Jimeta. Shi yake buɗe wa duk masu sayen waya akawun, kuma don kada ya wahalar da kansa, sunan shagonsa yake sa wa kowa, ya ƙara lamba a baya. Ni ina ruwana, waya dai ta yi aiki.

Ephraim ya rubuta sunan yaren a shagon manhajar. Jama'a, ku zo ku ga shirme! Ya kawo mana wasan karta, ya kawo tocila, ya kawo wata mai koyar da yaren Sin. Muka yi ta ja ƙasa har babban yatsana ya gaji. Can ƙarshe, inda ba mai zuwa, sai ga wata 'yar manhaja da hoton rumbu. Na danna, aka ce babu wuri a wayata. Na goge hotunan samfurin ɗinki da na daɗe ina tarawa, raina yana ƙuna. Ta fara sauka, ta kusa kaiwa, sabis ya ɗauke, ta koma farko. Haka ta yi ta cinye min data kamar akuya ta samu dusa. Da ƙyar dai ta sauka. Fibi ma ta sauke a tata, wai don ta riƙa gaida Dada.

Manhajar ba wani abin a zo a gani ba ce. Hotuna ne: ruwa, wuta, kai, ciki, akuya, rana. In ka taɓa hoto, muryar wani namiji ta faɗi sunan abin da yaren. Sai kuma waƙoƙin mata masu niƙa guda kaɗan. Na zauna kusa da Dada a tabarma na taɓa hoton ruwa.

Ta zabura. Ta ƙwace wayar, ta juya bayanta tana neman mutumin. Sai ta fara yi masa magana, doguwa, da sauri, tana nuna gabas, hawaye na zuba. Ta tsaya tana jiran amsa. Na sake taɓawa, mutumin ya sake cewa ruwa. Ta dube ni, ta dubi wayar, sai ta fashe da dariya. Wannan ce dariyarta ta farko a gidana, kuma ni kuka na yi.

Daga nan muka samu bakin magana. Da ita na gane ashe haƙori ne yake hana ta cin tuwo, ba raini ba, muka kai ta aka cire. Da ita na gane ba ta shan nono. In na kunna waƙar niƙa, sai ta riƙa amshi tana kaɗa kafaɗa. Wani lokaci ana tsakiyar waƙa sai tallar caca ta faɗo da kiɗa kamar gidan biki, Dada ta yi tsaki, ni ma in yi. Duk da haka ina godiya ga ko wane ne ya zauna ya haɗa abin nan.

Ana nan, wata safiya na taɓa rumbun, sai fuskar waya ta yi fari, ta rufe. Na sake, ta rufe. Na kwasa sai wurin Ɗanburam. Ya duba ya ce, "Hajiya, ai ta yi apdet da kanta. Sabuwar ce ba ta jituwa da wayarki."

Na ce, "Wa ya aike ta? To a mayar min da tsohuwar."

Ya ce, "Shagon ba ya ba da tsohuwa. Gaba kawai yake tafiya."

Na ce, "Wane irin shago ne wannan, da zai shigo har gidanka ya canja maka kaya bai tambaye ka ba?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Na so e bi, haka abin yake, Hajiya. Amma akwai inda ake rubuta ƙorafi, a ƙasa, wurin taurari."

Na dawo gida na tarar da Dada tana ta dangwala yatsa a kan murfin kwano, kamar yadda take yi wa waya. Na miƙa mata, ta taɓa, fari, ta taɓa, fari. Ta ajiye a hankali ta juya fuska bango. Kwanaki ta yi ba ta cin abin kirki. Zuciya ta ɗebe ni, na zauna a kan keken ɗinki na rubuta musu:

"Tauraro ɗaya, shi ma don babu rabi ne. Kun lalata abin da yake aiki. Akwai tsohuwa a gidana a Jimeta, daga tifa aka sauke ta lokacin gudun Mubi, ba ta jin yaren kowa sai wannan. Baiwar Allah mai tsaga a kumatu, da ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe, da munduwar jan ƙarfe da ba ta cirewa ko za ta yi wanka. In ta ji waƙar niƙa har amshi take yi. Yanzu kun rufe mata baki. Ku gyara, ko Allah ya isa."

Na yi ta dubawa, ba wanda ya tanka. Da na gaji na goge manhajar. Ba a daɗe ba bam ya tashi a kasuwa, Ɗanburam ya tsira da ransa, ya tattara ya koma Gombe. Wayar ma daga baya ta faɗa bahon wanki. Da na sayi wata, na tsaya a kan mai shagon sai da ya sa sunana.

Shekaru suka yi ta tafiya, har goma da ɗoriya. Ni da Dada muka ƙirƙiro namu yaren, rabi hannu, rabi kalmomin da muka tsinta a wurin juna. Ta iya cewa "sannu" da "ya isa" da "Rauda". In na nuna ƙirjina na faɗi sunana, na nuna nata, sai ta ce "Dada" tana murmushi, ta riƙe wanda muka ba ta. Ita ke ɓare min gyaɗa, ita ke warware ɗinkin da na yi kuskure, kuma in na cika faɗa da masu kawo ɗinki sai ta jawo bakin zanena. In muna sallah takan zauna shiru har mu idar. In Fibi da matan zumuntar cocinsu suna gwajin waƙa a bayan katanga, takan saurara tana gyaɗa kai. Ba ta taɓa bin mu ba, ba ta taɓa bin su ba, mu kuma ba mu taɓa matsa mata ba.

Daminar bara ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, a kai ta gida a lallaɓa ta. Da yamma na ji Lawal da Ephraim a gindin dalbejiyar ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa.

Lawal ya ce, "Malam Ephraim, in ta faru, ina za mu kai ta? Ban san abin da take bi ba. Ina tsoron in yi mata abin da ba nata ba."

Ephraim ya ce, "Ni ma shi nake tunani. Ba na so mu yi ta ja a kan gawa kamar ba maƙwabta ba."

Na tsaya a zaure ina jin su. Matar da na yi wa wanka, na yanke wa farce, za ta tafi ban san abin da take so a yi mata ba, kuma can wani wuri wataƙila akwai mai kuka da ita bai san inda take ba. Sai manhajar nan ta faɗo min. Na ce ko sun gyara ta, ko sun ƙara hotuna, ko akwai na kabari ko na gida da zan nuna mata.

Na sa Ephraim ya sake rubuta sunan a sabuwar wayata. Babu. Karta da tocila dai suna nan, Allah ya ja zamaninsu, amma rumbu ya ɓace. Ya ce in manhaja ta tsufa ba a kula da ita, shagon yakan ɓoye ta daga sababbin wayoyi. Na ce, "Wato da ta sabunta kanta ta fi ƙarfin wayata, yanzu kuma wayata ta fi ƙarfinta. Ni yaushe za a yi daidai da ni?"

Fibi ta ce, "Tsaya. Tsohon wayana yana cikin durowa."

Ta ɗauko ta, batir ya kumbura, an ɗaure bayan da roba. Muka sa caji muna addu'a, kowa da irin tasa. Ta kawo. Shagon ya yi ta juya ɗan zobensa har na gama haɗa hannun riga. Can sai ga rumbun a cikin abubuwan da Fibi ta taɓa saukewa. Muka taɓa, fari, ta rufe, kamar dā. Na tashi zan tafi, Fibi ta ce bari ta ga ko ƙorafina yana nan, mu yi dariya. Ta gyara tabarau ta ja ƙasa. Sai na ga ta dafe baki.

"Maman Mu'tasim, zauna."

"Mene ne?"

"Zauna na ce."

Ta karanta min. Taurari biyar ne, sunan mai rubutun Queen:

"Ba don manhajar na ba da biyar ba, don maganata ta hau sama a gani ne. Wanda ya rubuta da sunan Ɗanburam, don girman Allah. Tsohuwar nan uwata ce. Dutsen niƙa ne ya karya mata yatsan ina ƙarama. Mun rabu a hanya, mu muka faɗa Kamaru. Na shigo nan neman waƙoƙinmu saboda 'ya'yana na ga maganarku. Wurin nan ba ya bari in amsa muku. Na sa lambar wayata sun goge, na sake sun goge. Na zo Jimeta na nemi Ɗanburam an ce ya tashi. Ina sayar da hatsi a kasuwar Mubi, layin masu wake, a tambayi Queen. Duk shekara ina sabunta wannan. Ko ta rasu ne, a nuna min wurin."

Fibi ta duba kwanan watan. Sabuntawar ƙarshe a Kirsimetin da ya wuce ne.

Na yi salati da ƙarfi har kaji suka watse. Na ce, "Shekara nawa maganar nan tana zaune a nan! Shagon da ya iya shigo min da tallar caca ana tsakiyar waƙa, ya kasa cewa Raudatu ga mai nemanki? Ya iya goge lambar baiwar Allah, bai iya..."

Fibi ta ce, "Bar zagi, kira Baban Mu'tasim. In ba don shi wannan shagon ya ajiye faɗanki ba, da wa zai gani?"

Gaskiya ta faɗa. Shagon ya ɓoye, ya goge, ya wahalar, amma bai zubar da maganata ba, bai zubar da tata ba. Ya ajiye su kusa da juna har ranar da Allah ya nufa.

Lawal yana da abokin da ke jan mota zuwa Mubi. Washegari da hantsi abokin ya shiga layin masu wake yana tambaya, har ya same ta ya ba ta lambata. Kafin azahar wayata ta yi ƙara. Na ɗauka. Can wata murya ta ce, "Tana da rai?"

Na ce, "Tana da rai. Yanzu ta sha kunu."

Sai na ji wayar ta faɗi, mata suna ta hayaniya a can. Da ta dawo ta ce, "Kada ki faɗa mata, kada zuciyarta ta buga. Gani nan."

Da la'asar ta iso, mace ce kakkaura, za ta girme ni da kaɗan, ko zanen kasuwa ba ta canja ba, ƙaiƙayi a kafaɗarta. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta kasa shiga. Dada tana jingine da filo, idonta a rufe. Queen ta faɗi wata kalma guda, a hankali.

Dada ta buɗe ido. Ba ta yi ihu ba. Ta miƙa hannu, Queen ta rarrafa ta sa kanta a ciki, tsohuwar ta riƙa shafa fuskarta, kunne, hanci, goshi, kamar mai duba ƙwarya ko ta tsage. Sannan magana ta ɓalle. Ashe haka Dada take da surutu! Tana ambaton sunaye ɗaya bayan ɗaya, Queen tana amsawa. Wani sunan su yi dariya, wani su yi shiru su riƙe juna. Fibi tana bakin ƙofa tana sharar hawaye da gefen ɗankwali, Lawal ya fita waje wai zai duba awaki, alhali ba mu da ko ɗaya.

Ni na zame na koma kan kekena. Na ji daɗi, Allah ya sani, na gode masa har cikin raina. Amma na san an zo ɗaukar min ita ne. Na zura zare na kasa ganin kafar allura.

Sai na ji, "Rauda!"

Na shiga. Dada ta nuna min gefen katifa na zauna. Ta kama hannuna ta ɗora a kanta, a kan furfurar, ta riƙe shi a wurin, ta yi wa Queen magana mai tsawo. Queen ta saurara, ta sunkuyar da kai, ta ɗago tana dariya da hawaye tare.

Ta kira ni Adda, yadda ake kiran babbar yaya a nan, ta ce, "Ta ce a kai ta gida. Mutanenmu sun fara komawa kan dutse. Tana so a kwantar da ita kusa da babanmu, yadda kakanninta suke yi."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Abin da muke ta son sani ke nan."

Ta ce, "Ba ta gama ba. A wurinmu, in lokacin uwa ya yi, babbar 'yarta ce take riƙe mata kai a cinya. Ba a ba kowa wannan. Ni ce babba." Ta share ido da bayan hannu. "Ta ce ke za ki riƙe."

Na ce, "Haba! Ke da kika yi shekaru kina nema? Ki faɗa mata ba a yin haka, ni bare ce, ko sunanta ban sani ba."

Queen ta faɗa mata. Dada ta yi tsaki, ta amsa a gajarce, ta ƙara danne hannuna.

Queen ta ce, "Sunanta Kwanye. Ta ce ni ita ta ciyar da ni, ke kuwa ke kika ciyar da ita. Wai ni in riƙe ƙafafu, kuma kada ki tsaya yi mata gardama, ta gaji."

Na leƙa waje na ce wa Lawal ya nemo motar da za ta ɗauki mutum a kwance, na ce wa Fibi ta ba masu ɗinki haƙuri. Sannan na jawo jaka daga ƙarƙashin gado na fara haɗa kayana da na Dada a ciki.